Layi Bakwai Babu Suna

Ranar Talata takarda ta zo daga meri:
an yanka sabuwar unguwa a bayan tashar Tawa,
layi bakwai, ko ɗaya ba shi da suna.
"Mushe Gado, kai ne ɗan dutse,
kawo mana manyan ƙasarku na farko,
suna, sarauta, shekarar haihuwa."

Na ɗauki kaye da bik, na hau kabu-kabu
sai gidan gwaggona Tamo,
wadda ta sauko daga Dutsin Hankurau
tun haƙoranta na fasa goro.
Na iske ta tana yankan albasa,
ido na ruwa, ba don kowa ba.

Na ce, wa ya sari garinmu?
Ta ce, Nomau.
Na ce, maharbin nan da maroƙa ke faɗi,
wanda ya bi barewa kwana uku har kan tsauni?
Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.
"Wace barewa? Bashi ne ya koro shi.
Gishiri ya ci, kantu biyu, na wani Buzu,
ya lura raƙumi ba ya son tsakuwa,
sai ya haye inda mai bin bashi ba ya hawa."

Bik ɗina ya tsaya.
Ta ce, rubuta mana, ai ba kai ka ci ba.

To ruwa fa, a wannan ƙeƙasasshen wuri?
"Jakin Tasalla ne ya tsinke turke,
tsakiyar bazara, ko tsuntsu ba ya kuka.
Da almuru ya komo da laka a kofato.
Maza na gardama, ita ta ɗaure zane,
ta bi sawu da baya da baya
har gindin wani gawo a cikin kware.
Da sakaina ta fara tono.
Rijiyar na nan, gaba shida,
har yau ruwanta na ɗanɗanon saiwa."

Sai Barmo maƙeri,
wanda ya dafa jan dutse kwana biyu
har dutsen ya yi hawayen ƙarfe.
Na ce, takobi ya ƙera?
Ta ce, hauya. Takobi a sari wa? Duka-duka su tara ne.

Sai Arzika gurgu,
mai jera duwatsu a gangare kamar haƙoran tsoho,
wai don ruwa ya zauna ya huta kafin ya wuce.
Shekara uku ana ce masa tababbe,
ta huɗu aka zo awo a rumbunsa
da kai a sunkuye.

Wace shekara ke nan, Gwaggo?
"Shekarar da fara ta ci har igiyar guga."
Sun yi yaƙi?
"Da yunwa, kowace bazara.
Wani karo su ci ta, wani karo ta ci su."

Da dare wuta ta ɗauke.
Na haska kaye da wayata, na ja layi.
Gurbin sarauta: babu, babu, babu, babu.
Gurbin shekara: na zana fara ƙarama.
A na biyar na rubuta jaki,
kunya ta kama ni, na so in goge,
ashe bik ba ya goguwa.
Na shida na ba Buzun da ba a biya ba,
ko ba komai ya samu layi a madadin gishiri.
Na bakwai na bar shi fari,
don mai sunan na nan da ranta, tana tari.

Da safe na biya na karanta mata.
Ba ta ɗago daga turmi ba.
Ta ce, "Unguwar nan, an kai famfo?"
Na ce, tukuna, sai baɗi, in ji meri.
Ta ce, "To cire Tasalla.
Kada a rataye ta inda ake kwana da ƙishirwa."